Yadda Ake Shirya Ɗalibin N.C.E. Ya Koyar da Waya da Kwamfuta Kafin Ya Fita T.P.

Wata shekara a ɗakin gwajin koyarwa, wata ɗalibata 'yar aji biyu ta zo da darasi a kan yadda ruwan sama ke samuwa. Kwana ta yi tana haɗa hotuna a kwamfutar yayanta: ga rana tana dukan tafki, ga tururi yana tashi, ga hadari ya haɗu. Ta jona majigi, ta yi sallama, ta fara. Ba ta yi minti 3 ba aka ɗauke wuta. Bango ya koma fari fat. Ta tsaya riƙe da alli, ta dubi bangon, ta juyo ta dube ni, ta ce, "Malam, mu jira a kawo?" Na ce, "'Yata, da yara 80 ne zaune a gabanki yanzu, me za su yi kafin a kawo?" Ta yi shiru, idonta ya kawo ruwa.

Yarinyar ta san darasinta sarai. Mu ne muka koya mata aiki da na'ura kamar a ɗakin taro za ta koyar, alhali mun san irin makarantar da za mu tura ta. Tun daga ranar na sake wa kwas ɗin fasali, kuma shi zan shimfiɗa a nan domin 'yan uwana malaman kwalejojin ilimi da hedimastocin da ke karɓar ɗalibanmu. Tsarin na zangon karatu ɗaya ne, wanda ke gab da fita T.P., wato koyarwar horo da ake tura ɗalibai makarantu su yi, kuma bai buƙatar kwaleji ta sayi wani abu mai tsada.

A riƙe wani labari a zuciya kafin a fara. A 2005 Nicholas Negroponte ya ƙaddamar da shirin One Laptop per Child, na bai wa kowane yaro ƙaramar kwamfuta mai araha. An gwada shi a nan Najeriya ma, a firamaren Galadima da ke Abuja, a 2007. Ƙasar Peru ta raba irin waɗannan kwamfutoci fiye da 800,000. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da bincikensa a 2012, sai ya tarar yaran sun ƙware da sarrafa kwamfutar, amma makinsu a lissafi da harshe bai ɗaga ba. A ganina dalilin a fili yake: an kai na'ura aji, wanda ke tsaye gaban allo bai san inda zai sa ta a cikin darasinsa ba. Wannan mutumin shi ne yau yake zaune a gabanmu a kwaleji.

Mataki na 1: Ka san abin da ke aljihunsu

A makon farko kada ka kunna komai. Raba musu takarda, kowa ya cike ba tare da rubuta suna ba. Wace irin waya gare ka? Taka ce ko ta aro? Ina kake caji? Data ta nawa kake iya sawa a mako? Ka taɓa buga rubutu a kwamfuta ban da ranar jarrabawar JAMB? Na ce a takarda ne domin in ka ce a ɗaga hannu, mai ƙaramar waya mai tocila zai ji kunya ya yi gum, kai kuma ka ɗora kwas a kan abin da babu shi. Za ka tarar da matar auren da sai dare take samun aron wayar maigidanta, za ka tarar da wanda a garinsu sai an hau tudu ake samun sabis.

Da wannan sakamakon za ka raba su rukuni-rukuni, mutum 5 ko 6, a tabbatar kowane rukuni yana da babbar waya aƙalla 2. Kada ka bar su su zaɓi juna, masu hali za su dunƙule wuri guda. Ka kuma sa ido inda aka haɗa maza da mata, don sau da yawa namiji ne ke riƙe wayar, matan suna leƙe. Dokata ita ce waya ta riƙa zagayawa, kuma wanda ya fi kowa rashin sabo shi zai gabatar da aikin rukuni.

Aikinsu na farko a wajen kwaleji yake. Kowane rukuni ya je wata firamare ko ƙaramar sakandare ta kusa, da izinin hedimasta, ya dawo da amsa: yara nawa ne a aji, akwai soket, in akwai yana aiki, ina hasken taga ke faɗawa, daga bencin ƙarshe ana karanta abin da ke allo? Wannan rahoton shi ne ma'auni har ƙarshen zango. Duk dabarar da ba za ta yiwu a wancan ajin da suka gani da idonsu ba, a jingine ta.

Mataki na 2: Hannu ya saba

Kada iya Facebook da TikTok ya ruɗe ka. Ɗalibin da ke tura bidiyo safe da yamma sau da yawa bai san inda fayil ke shiga ba idan ya sauke shi. Mako 2 nake ba wannan, kowa da waya a hannu. Ya buɗe folda ya sa mata suna mai ma'ana, wato aji da fanni da mako. Ya buga tsarin darasi a WPS Office ko Google Docs ya mayar da shi PDF. Ya ɗauki hoton shafin littafi a miƙe, ba inuwar hannu, ba karkacewa. Ya tura wa na kusa da shi ta Bluetooth ko Xender ba tare da ya ƙona data ba. Ya buɗe imel mai ɗauke da sunansa na gaskiya, ya ajiye kwafin komai a memori. Ka tuna musu cewa jarrabawar Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, a kwamfuta ake rubuta ta, saboda haka wannan sabon ribarsu ce kafin ta yara.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa shi ne haruffa masu lanƙwasa. Kowa ya shiga saitin Gboard, wato manhajar madannan rubutu ta waya, ya ƙara Hausa cikin harsuna, ya gwada danna b ko d ko k ya riƙe har ɓ da ɗ da ƙ su fito. Malamin da zai koya wa ɗan aji biyu karatu ba zai rubuta kafa yana nufin ƙafa ba, ko baki yana nufin baƙi, ko kara yana nufin ƙara. Yaro abin da ya gani a allo shi yake ɗauka daidai. Duk aikin da aka miƙo mini ba lanƙwasa, mayar da shi nake yi.

Mataki na 3: Darasi a gaba, na'ura a baya

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan nake daɗewa. A 1986 wani masanin ilimi a Amurka, Lee Shulman, ya nuna cewa sanin fanni daban, sanin yadda ake koyar da wannan fannin daban. A 2006 Punya Mishra da Matthew Koehler na Jami'ar Jihar Michigan suka ƙara ƙafa ta uku, wato sanin na'urar da ta dace da wannan fanni da wannan hanyar koyarwa. Ɗalibai za su haɗu da sunayen nan a jarrabawa. A aji kuwa na mayar musu da batun tambayoyi 3 da za su amsa a rubuce kafin su taɓa waya.

Ta farko: me nake so yaro ya iya yi da kansa idan an buga ƙararrawa? Ta biyu: a ina yara suka saba yin tuntuɓe a wannan darasin? Ta uku: me na'ura za ta nuna a daidai wurin tuntuɓen nan wanda alli ko kayan zahiri ba za su nuna ba? In ba amsa ga ta ukun, a bar waya a aljihu, kuma ɗalibin bai rasa maki ko ɗaya ba. Ka faɗa musu haka ƙarara, domin suna zaton duk darasin da ba na'ura a ciki za a ɗauke shi na baya.

Misalai suka fi sa su gane. Wani ya kawo mini bidiyon sassan tsiro: saiwa, kara, ganye, fure. Na tambaye shi nisan gonar da ke bayan makaranta. Tsiron wake ɗaya da aka tuge da saiwarsa, ya zagaya hannun yara, ya fi wannan bidiyon. Haka darasin wutar lantarki: batirin tocila 2 da guntun wayar lantarki da ƙwan fitila sun fi kowane zane mai motsi, don yaro zai haɗa da hannunsa ya ga haske. Amma yadda zuciya ke harba jini fa? Ko yadda wata ke shiga tsakanin rana da duniya a yi husufi? Ko teku, ga yaron Gumel da bai taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufi ba? Nan gani ya kori ji, kuma nan waya ke da amfanin da ba mai maye gurbinsa. A lissafi, ka zana alwatika a manhajar lissafi ta GeoGebra, ka sa yaro ya ja kusurwa ɗaya duk inda ya ga dama, siffar tana sauyawa amma jimillar kusurwoyin tana nan a digiri 180. A allo sau ɗaya za ka zana, yaro ya ɗauka a wannan zanen kaɗai abin yake. A Turanci kuwa, mu Hausawa mun san inda p da f suke haɗe mana a baki. Muryar da aka naɗa mai furuci tsaf, a saurara sau 3 a maimaita, tana gyara malamin da yaran a lokaci guda.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwashe bayanan littafi a zuba a majigi, yara su kwafa. Wannan allo ne mai cin wuta. Ka hana shi tun farko.

Sai ka ƙara wa takardar tsarin darasi gurbi ɗaya a gefen dama, mai kan magana "Idan wuta ta ɗauke ko waya ta mutu". Duk inda ɗalibi ya rubuta zai kunna wani abu, dole ya cike gurbin da ke gefensa: zanen da ya riga ya yi a kwali, ko abin da ya zo da shi a jaka, ko wasan kwaikwayon da yara za su yi. Tsarin darasin da wannan gurbin yake fayau ba na sa masa hannu.

Mataki na 4: A cika rumbu tun ana da intanet

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗauka cewa a makarantar T.P. babu sabis, in an samu ya zama ƙari. Ka ware rana ɗaya a ɗakin kwamfuta na kwaleji, ko duk inda aka samu waifai, kowane rukuni ya sauke kayan fanninsa, sannan a raba wa juna ba tare da data ba.

Ga inda nake tura su. African Storybook, na ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu, yana da labaran yara masu hotuna cikin Hausa, an jera su daga masu sauƙi zuwa masu wuya, ana sauke su a buga a takarda. Kiwix tana ba ka damar ɗaukar Wikipedia, har da ta Hausa, ka karanta ba intanet. PhET, wanda Carl Wieman mai lambar Nobel ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002, yana da gwaje-gwajen kimiyya da lissafi masu motsi, ana sauke kowanne a matsayin fayil ɗaya. Na fi son wanda ke nuna yadda ƙwayoyin ƙanƙara ke warwatsewa idan aka ƙara zafi, abin da ido ba ya gani. Akwai Nigeria Learning Passport, dandalin darussa da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft. In kwaleji tana da kwamfutar tafi-da-gidanka ko da ɗaya ce, a ɗora mata Kolibri: kwamfutar ta zama rumbu, wayoyin da ke kusa su jona da ita ta waifai su buɗe darussa, ba sisin data.

Sharaɗin shi ne kada a tara shara. Duk abin da zai shiga rumbu, mai sauke shi ya kalle shi tun daga farko har ƙarshe, ya rubuta layi 2: ajin da ya dace da shi, da darasin da ya yi daidai da shi a kundin tsarin karatu na NERDC, hukumar da ke tsara karatun makarantun ƙasa. Ya duba harshen, ya duba shigar mutanen da ke ciki. Bidiyo ɗaya da bai dace da tarbiyyar gari ba ya isa ya sa iyaye su rufe wa malami ƙofa har ƙarshen zango.

Mataki na 5: Su ƙirƙiri nasu

Kayan waje suna da iyaka, domin ba don yaranmu aka yi yawancinsu ba. Kowane ɗalibi zai samar da abu 3 da hannunsa: jerin hotuna, naɗin murya, da gajeren bidiyo.

Mafi kyawun da aka taɓa kawo mini ya fito ne daga wani ɗalibi mai shiru-shiru da wayarsa ta tsage a fuska. Ya jiƙa wake a cikin kwalbar gilashi, ya cusa auduga, ya jingina ƙwayar da jikin gilashin yadda za a gan ta. Kullum bayan sallar asuba ya ɗauki hoto ɗaya daga wuri ɗaya, ya ajiye rula a gefe. Kwana 7, hoto 7. Da ya jera su, sai ga saiwa ta fara leƙowa ta yi ƙasa, daga baya kan ya ɗago ya tsage ɓawon. Ya shigo aji da kwalbar a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun. Kwalbar ta nuna yau, wayar ta nuna kwanakin da suka wuce. Bai kashe ko kwabo a data ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Murya ta fi bidiyo araha nesa ba kusa ba. Minti ɗaya na saƙon murya bai kai megabait 1 ba, minti ɗaya na bidiyo mai kaifi yakan haura megabait 100. Ka sa su duba girman fayil da kansu su gani. Su naɗi tatsuniya daga bakin kaka da izininta, ko bayanin maƙeri yana aiki, ko cinikin tumatir a kasuwa don darasin lissafin kuɗi. A bidiyo, a kwantar da wayar, a jingina ta da littattafai kada ta yi rawa, haske ya zo daga bayan mai ɗauka, kuma kada ya wuce minti 3. Yaron firamare ba zai zauna wa fiye da haka ba tare da an tambaye shi wani abu ba.

Mataki na 6: Waya ɗaya, yara 80

Wannan shi ne abin da littattafan ƙasashen waje ba sa magana a kai, kuma shi ɗalibinka zai tarar ranar farko. In ka ɗaga waya a gaban aji, benci 2 ne za su gani, na baya su taso, aji ya hargitse.

Ka koya musu hanya 3. In murya ce, ƙaramar sifika mai caji ta wadatar da aji duka, kuma ita nake ba da shawarar a fara saye kafin a yi mafarkin majigi. In hoto ne, a raba yara rukuni, a ba kowa aikin yi a littafinsa tukuna, sannan malami ya zagaya da wayar, kowane rukuni minti ɗaya, da tambaya ɗaya da za su amsa bayan ya wuce. Kada ya saki wayar. In makaranta tana da majigi, a gwada shi tun jiya, a rufe tagar da ke fuskantar bangon, a yi rubutu manya. A kowane hali tambaya tana zuwa kafin a kunna: "Ku lura, wane ne ya fara fitowa, saiwa ko ganye?" Yaron da aka ba abin nema yana kallo da hankali, wanda ba a ba ba kallon fim yake yi.

Caji kuma wani ɓangare ne na shirin darasi, kamar alli. A kwana da waya cike, a rage hasken fuskarta, a katse layi kafin a shiga aji. Katse layin yana ajiye batir, yana kuma hana kira ko saƙon gida faɗowa a gaban yara.

Mataki na 7: Gwajin koyarwa, da wuta da babu wuta

Gwajin koyarwa na 'yan mintuna ya samo asali ne a Jami'ar Stanford a 1963, kuma tsarinsa bai sauya ba: a koyar, a ji gyara, a sake koyarwa. Kowa minti 8, abokansa su zama yara. Ɗaya daga rukuninsu ya naɗi darasin da wayar mai koyarwa, ba da tasa ba, don bidiyon ya zauna a hannun mai shi. Shi zai fara kallon kansa shi kaɗai, ya rubuta abu 2 da ya gani. Da yawa a nan suke gane cewa rabin lokacin bayansu suka juya wa aji suna fama da na'ura, ko gefe ɗaya kawai suke yi wa tambaya.

A zagaye na biyu, ina sanar da su tun farko cewa a tsakiyar darasi zan iya kashe soket ko in karɓe wayar. Ba don mugunta nake yi ba, kuma ina faɗa musu dalili. Ɗalibar nan tawa mai darasin ruwan sama, da ta dawo zagaye na biyu, na kashe majigi a minti na 4. Ko gezau ba ta yi ba. Ta buɗe jaka ta fito da fulas na ruwan zafi da murfin tukunya, ta buɗe fulas ɗin, ta kife murfin a kan tururin, ta ce wa 'yan ajin su ƙirga zuwa 20. Ta ɗaga murfin, ga ɗigon ruwa sun taru a cikinsa suna gangarowa. Ta ce, "To, wa ya zuba ruwa a murfin nan?" Aji ya ɗauki hayaniyar amsa. Daga baya ta zagaya da hoton hadari a wayarta don ta haɗa abin da suka gani da abin da ke sama. Ranar ita ta fi kowa maki.

Makin kuwa haka nake raba shi: 40 ga ko masu sauraro sun iya abin da aka ce za su iya, 20 ga dacewar na'urar da wurin da aka sa ta, 20 ga shirin ko-ta-kwana, 10 ga riƙon aji, 10 ga kayan da ɗalibi ya ƙirƙira da kansa. Ado da walƙiyar rubutu ba su da maki.

Mataki na 8: Rubutun mako

Kowace Juma'a ɗalibi zai rubuta kalmomi kamar 150: abin da na shirya, abin da ya faru, abin da zan sauya. Da Hausa ko Turanci, duk wanda zai fi faɗin gaskiya da shi. A zuba a takarda ɗaya ta Google Docs da rukuni ke gani, ko a zaurensu na WhatsApp. Mutum 2 su karanta, kowa ya yi tambaya ɗaya. "Ma sha Allah, ya yi kyau" ba ya cikin lissafi. Rubutun da malami kaɗai ke karantawa don maki ake yin sa, amma da zarar mutum ya san abokansa za su karanta, sai ya fara tsayawa ya yi tunani.

Wannan darasin su kai shi ga yara. Ɗalibai 2 da aka tura garuruwa daban, a ce ɗaya Gaya ɗaya Rano, su haɗa azuzuwansu. Yara su rubuta a takarda game da ranar kasuwar garinsu ko sana'ar gidansu, malami ya ɗauki hoton rubutun ya tura, ɗayan ya karanta wa ajinsa, su mayar da tambaya. Waɗanda suka fi kyau a liƙa a bango su zama jaridar aji. Za ka ga yaron da ba ya gyara rubutu yana roƙon a ba shi sabuwar takarda, don "'yan Rano za su gani".

Mataki na 9: Amana

'Ya'yan mutane ne za a damƙa musu. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ko mariƙi ake sarrafa bayanan yaro, kuma hoto da suna suna ciki. Ba a ɗaukar fuskar yaro a ɗora a Facebook ko TikTok don a nuna ana T.P. In hoton aiki ake so, a ɗauki hannu da littafi, a rufe suna. Ba a naɗar yaron da ya kasa karatu a yaɗa a yi dariya. Wanda ya yi haka a wurina ya faɗi kwas ɗin. Malami ba ya karɓar lambar ɗaliba, ba ya tura mata saƙo ita kaɗai, ko da na darasi ne. In za a yi zauren iyaye, ta hannun hedimasta za a bi. Kayan koyarwa kuma su zauna a foldarsu, a buɗe ta kafin a shiga aji, kada a tsaya laluben hotuna a gaban yara.

Sai batun ChatGPT da ire-irensa, da suka bazu tun ƙarshen 2022. Hana su ɓata baki ne, suna amfani da su. Abin da nake yi, in sa a tambayi manhajar tsarin darasi a kan wani abu da ɗaliban suka sani ciki da bai, kamar tarihin garinsu ko ƙa'idojin rubutun Hausa, sannan kowane rukuni ya ɗauki jan biro ya bi layi-layi da littafi a gefe. Da kansu suke tsinto kurakuran, wani lokaci sunan da babu shi, wani lokaci misalin da bai dace da yaranmu ba. Daga nan ƙa'idar ta zauna: duk abin da ka faɗa wa yaro kai ke da alhakinsa, ko daga ina ka ɗauko.

Mataki na 10: A filin T.P.

Kafin su tafi, ka ja musu kunne a kan ladabi. Za su tarar da malaman da suka shekara 20 suna koyarwa da alli. Kada ɗalibi ya shiga yana nuna ya zo da sabon abu. Ya gaida malamin aji, ya nuna masa abin da yake son kunnawa, ya ce, "Malam, ko kana ganin zai dace da yaran nan?" Sau da yawa tsohon malamin ne zai gaya masa ainihin inda yara ke tuntuɓe.

Ranar da ka je duba shi, zauna a bencin ƙarshe. Duba ko kana gani, ko kana ji. Lissafa mintunan da ya ɓata wajen kunna na'ura. Bayan darasi ka ɗauki littattafan yara 5 daga wurare daban-daban na ajin, har da na 'yan matan da ke zaune a lungu, ka yi wa biyu daga cikinsu tambayar da darasin ya ce za su iya amsawa. Ka buɗe takardar tsarin darasinsa ka ga ko gurbin gefen dama a cike yake. Rubutun Juma'a kuma ya ci gaba har ƙarshen T.P., kana karantawa daga kwaleji, ka kira duk wanda ka ga ya yi mako 2 shiru.

A makon ƙarshe, ɗalibi ya kwafa wa makarantar rumbunsa duka a memori, ya zauna awa ɗaya da malaman fanninsa ya nuna musu yadda ake buɗewa da yadda ake turawa daga waya zuwa waya. Hedimasta ya rubuta cewa an yi, ya sa hannu ya buga hatimi. Wannan takardar nake karɓa kafin in shigar da makinsa na ƙarshe.